Ganye Biyu na Goggo Tabawa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ba da igiyar awo ba, ya ƙawata fiffiken tsuntsu ba da alƙalami ba, ya yi ganye dubu sau dubu bai maimaita ko ɗaya ba. Bayan haka, ku gyara zama ku ji labarin Nomau ɗan Shekarau, mai zane na Gurbin Shamuwa, wato ni mai magana, wanda ya ƙetare kogi da sarari, ya ci damina huɗu a hanya, don kawai ya koyi zana ganye biyu.

Gurbin Shamuwa gari ne a can ƙasar Bayan Gishiri, inda duwatsu kan tashi da rani su gangara kogi su sha ruwa, ba su koma mazauninsu sai damina ta kankama. Wannan ba ya ba mu mamaki, da shi muka tashi. Abin da muke taƙama da shi zane ne, kuma muna da al'ada a kansa: gwani ba ya kallon abin da yake zanawa. Kallo na ɗan koyo ne. In aka kawo maka akuya ka zana, sai ka juya mata baya ka fitar da akuyar da malaminka ya koya maka, wadda shi ma nasa malamin ya koya masa. Saboda haka akuya ɗaya gare mu a takarda duk garin, doki ɗaya, ganye ɗaya mai layi bakwai. Ni kuwa babu wanda ya kai ni iya juya baya. Ina da shekara ashirin ake nuna ni a kasuwa, kaina ya yi girma har hulata ta fara matse ni.

Goggo Tabawa, ƙanwar mahaifina, ita ta rene ni. Mai magani ce, ta san ganye ɗari uku da ashirin da sunansu da amfaninsu da sharrinsu. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kirana Nomau ba, sai Babana. Wata safiya tana tsince saiwa a faifai ta ɗago kai, na ga wata farar yana ta soma rufe idonta na hagu.

Ta ce, "Babana, idon nan ya fara yi mini rowa. Ka zana mini ganyayen nan a takarda tun ina gani, kada ranar da na tafi su bi ni."

Na ce, "Goggo, wannan ai aikin mako guda ne."

Kwana tara na yi, ina zaune na ba kwandon ganyenta baya. Kafin ta sami sukunin duba aikin aka kira ta karɓar haihuwa a wani ƙauye. Tana can zazzaɓi ya kama makaɗan garinmu su goma sha ɗaya, ga bikin kalankuwa saura kwana biyu. Jatau wanzami, wanda shi ke duba marasa lafiya in Goggo ba ta nan, ya zo mini hankali tashe. Na zaro takardar sanyin-rai, ganyen da ke sauke zazzaɓi, na ce ya je daji ya nemo mai kama da wannan. Ya je ya samo mai kama da shi sak, ya dafa ya ba su. Ashe tashi-ka-gudu ya tsinko, wanda sunansa kaɗai ya isa ya gaya muku aikinsa a ciki.

A shekarar an yi kalankuwa babu kiɗa, sai dai gudu. Mutane sun yi dariya har sun gaji, amma babban makaɗin, tsoho ne, saura ƙiris ya tafi lahira, da ƙyar Goggo ta ceto shi da ta dawo. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye ganyen nan biyu, ta ajiye takardun nan biyu, ta rufe rubutun da ke ƙasansu da tafin hannu.

"Wanne ne wanne, Babana?"

Na duba, na sake dubawa. Takardun biyu ganye ɗaya ne mai layi bakwai, mai kyau ƙwarai.

Ta ce, "Ba zan sa bakina a kan zanen da ban tabbatar da kaina ya faɗi gaskiya ba, ko da sanin nan zai shiga kabari tare da ni. Akwai wata Gwana Yalwa a Birnin Shiru, bayan Kogin Shafe, fatake suna ba da labarinta. Ina jin damina uku ta rage wa idon nan. Ka je ka dawo kafin ta huɗu."

Na rataya gafaka, na cusa takardu da alƙaluma, na fita ina gunaguni, don a zuciyata laifin Jatau ne.

Tafiyar wata guda ta kai ni Kogin Shafe. Faɗinsa ya wuce ido, babu jirgi babu kwalekwale, sai wata dorina guda kwance a mashigi da balbela a gadon bayanta. Na yi sallama don ladabi, sai na ji ta amsa da murya kamar ana mirgina turmi.

Ta ce, "Ni ce Uwar Mashigi, ni nake fito a nan. Ba na karɓar komai sai zane. Ka zana ni a yashin nan. Ranar da balbelata ta bar bayana ta sauka a kan zanenka tana neman kaska, ranar za ka ƙetare."

Na yi murmushi, na juya mata baya, na ɗauki tsinke. Malamina bai taɓa koya mini dorina ba, sai na zana saniyarmu ta gado na cire mata ƙaho. Ban gama miƙewa ba igiyar ruwa ta taso ta shafe ta. Haka kogin yake, bayan kowane ɗan lokaci, kamar na dafa ƙwai, sai ya lashe yashin tas.

Uwar Mashigi ta ce, "Ɗan nan, ga ni a bayanka, wa kake zanawa a gabanka?"

Na ce, "Mu gwanaye ba ma kallo, Inna."

Ta yi dariya har kifaye suka watse. Kwana goma sha tara ina zana mata saniya marar ƙaho, balbela ko ɗaga kai ba ta yi ba. A rana ta ashirin na zauna na lissafa kwanakin da na ɓata daga idon Goggo. Na leƙa gabas na leƙa yamma, na tabbatar babu ɗan garinmu kusa, sannan na juyo a hankali kamar ɓarawo.

Abin da na gani ya kusa zaunar da ni. Idanunta a saman kai suke, ba a gefe ba. Kunnuwanta 'yan mitsi-mitsi ne, na hagun a yage, gashi tsilli-tsilli a leɓenta, wuyanta ninki uku. Kwana goma sha tara muna tare ban san ko ɗaya ba.

Amma gani daban, hannu daban. Idona na kan dorina, hannuna na komawa ga saniya kamar jakin da ya san hanyar gida. Wata uku na yi ina fama da shi. Da farko na tsani kogin saboda shafe-shafensa, daga baya na gane babu mai rufa mini asiri kamarsa, don duk shirmen da na yi ba ya kwana. Sai na saki jiki. Na zana dorina ɗari a yini, na zana kwaɗi da kaguwa da babban yatsan ƙafata. Har shamuwa na zana, tsuntsuwar da ta yi sheƙa a kan rufinmu tun ina goye, amma sai a bakin kogin nan na san yadda take karya wuya in za ta cafki fara. Ban taɓa jin daɗin aiki irin na kwanakin nan ba, ina zane ina waƙa ni kaɗai.

Wata hantsi na gama kunnen nan mai yagewa ke nan, sai na ji fuka-fuki. Balbela ta sauka a tsakiyar zanen, ta sa baki ta tsattsagi yashi. Na daka tsalle na faɗa ruwa da rigata.

Uwar Mashigi ta tako ta daɗe tana kallo kafin kogi ya shafe. Ta ce, "Ka ƙara mini ƙiba, amma kunnen nawa ne. Hau mu tafi."

Daga ƙetare kwana goma sha biyu ne zuwa Birnin Shiru. Kasuwar birnin tana gindin wani tsohon dutse da tsufa ya hana shi zuwa kogi, sai barci. In aka yi hayaniya yakan motsa ya juya kwanciya, ya danne rumfuna. Don haka ba a magana a kasuwar ko kaɗan. Mai saye yakan zo da zanen abin da yake so ya miƙa, mai sayarwa ya duba ya ɗauko. A birnin nan mai zane ya fi mahauci daraja, don in zanenka ya yi ƙarya gidanku ya kwana da abin da bai so ba.

Na sami Gwana Yalwa a tsakar gidanta, gajeruwa ce, yatsunta baƙi ƙirin da tawada, goro a kumatu. Na durƙusa na gaishe ta, na baje mata takardun da na cika a hanya. Ta juya su ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Ido ya buɗe. Saura kai." Ta nuna wani dattijo da ke neman hularsa alhali tana kansa. "Wancan Malam Tunau ne, maigidana. Shi ke yi mana cefane. Kullum za ka zana abin miya ka ba shi, ba za ka ce masa uffan ba. Abin da ya kawo shi za ka ci."

Ran farko ta ce tattasai. Na zauna na zuba gwaninta, na yi masa sheƙi da inuwa da ɗigon raɓa, na kewaye takardar da ado. Malam Tunau ya dawo da attarugu cike da ƙwarya. Gwana ta yi mini miya da shi duka, ta zauna tana kallona ina ci ina share hawaye da majina.

Malam Tunau ya ce, "Wallahi zanen ya yi kyau, ɗana. Mai kayan miya ma sai da ya kira maƙwabcinsa da hannu ya zo ya gani."

Gwana ta ce, "Wa ka zana wa, Nomau?"

Na ce, "Baba Tunau, Gwana."

"A'a, ni ka zana wa, don in yabe ka. Ni kuwa ba ni ke zuwa kasuwa ba."

Kwana uku ina cin attarugu ina tunani. Tattasai da attarugu a takarda kusan siffarsu ɗaya, girma ne ya raba su, takarda kuwa ba ta faɗin girma. A rana ta huɗu na share duk adon, na zana tattasai da layi kaɗan, na zana babban yatsana kusa da shi. Malam Tunau ya dawo da tattasai. Na rungume shi har hularsa ta faɗi.

Haka muka yi ta yi. Na zana kabewa ya kawo duma mai ɗaci, sai na koyi fasa abu biyu in zana cikinsa. Na zana rama ya kawo yakuwa, muka sha tsami mako guda, sai na zana su biyun kafaɗa da kafaɗa, na ƙara wa wurin da suka bambanta kauri, na ja layi na soke wadda ba na so. Gwana ba ta taɓa kama hannuna ta nuna mini ba. In na kawo ƙorafi sai ta ce, "Tukunya na nan, gobe ma rana ce." Damina ta fari da ta biyu suka wuce, ta uku ta shigo, cikina ya huta, har maƙwabta suka fara kawo mini aikinsu.

Da kaka ta yi, Gwana ta ce, "Abin da ka zo nema ka samu. Tashi ka tafi wurin goggonka."

A nan ne na yi wautar da har gobe nake jin ciwonta. Na ce sai na ƙara gogewa tukuna. Ƙarya nake yi. A kasuwar Shiru ba a tafi, in zane ya burge mutane sai su ɗaga huluna sama, ni kuwa duk rumfar da takardata ta bi sai huluna sun tashi. Wannan ne ya riƙe ni wata biyar. Sai wata rana Malam Tunau ya dawo da ƙunshin wani ganye da aka ba shi gyara, ƙamshinsa ya bugi hancina, na ga Goggo zaune da faifanta kamar tana gabana. Na fita waje na ɗaga kai, ga hadarin damina ta huɗu yana haɗuwa a gabas.

Gwana ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta cika mini gora da tawadarta mai kyau, ta ɗaura mini guzuri. Malam Tunau ya raka ni ƙofar gari, ya ce, "Duwatsu suna bakin kogi yanzu, sun toshe hanyar mashigi. Sai dai ka yanke ta Farin Fili ka zagaye ta inda kogin ya tsinke. Amma akwai fara a can mai cin baƙi. Tana cin tawada, tana cin baƙin gashi, in ta sami baƙin ido shi ta fi so. Wannan kam ban manta ba, don ita ta mayar da yayana makaho."

Farin Fili sunansa ya bi shi. Ƙasa fara, itatuwa farare, hankaka ma fari fat yake yawo kamar wanda aka yi wa fashi. Kwana biyu ina sauri ban ga komai ba. A na uku, rana tsaka, na ji wani sauti kamar ana sheƙe gero, inuwa ta rufe ni. Kafin in ankara, ga garken fara, sun lulluɓe gafakata sun kutsa ciki. Na zazzage ta, takardun shekara uku suka zubo farare tas, dorina da tattasai da fuskar Gwana duk an lashe. Na ji suna bin gemuna suna hawa sama.

Gudu ba zai yi ba, sun fi ni sauri. In na zubar musu da tawadar gora, kafin in yi taku ɗari sun shanye sun biyo ni. Ina kare idona da hannu ɗaya sai na hangi wani falalen dutse fari, mai faɗin masussuka, tunani ya faɗo mini: fara ba ta da abin tsoro a duniya kamar shamuwa. Na yage hannun rigata na dunƙule, na tsoma a gora, na bi dutsen nan da gudu ina ja. Babu lokacin ado. Na yi dogon baki a buɗe, na yi idon, na karya wuyan daidai yadda na gani a Kogin Shafe, lokacin da ta kusa cafka. Layi bai fi goma sha biyu ba.

Sautin nan ya ɗauke ɗif. Farar da ke gemuna ta tashi, garken duka ya yi sama ya tsaya yana shawagi, kwaɗayin tawada na janyo su, tsoron baki na korar su. Na tattara fararen takarduna, na ja hula ta rufe mini ido saura 'yar kafa, na zura da gudu ina tuntuɓe ina dariya kamar mahaukaci. Da na waiwaya daga nesa, masu ƙarfin halin cikinsu sun fara cin shamuwar ta wutsiya, suna yi suna ɗari-ɗari. Wanda bai yarda ba ya dubi gemuna, rabinsa fari ne tun ina da shekara ashirin da huɗu.

Na iso Gurbin Shamuwa gero ya kai gwiwa. Na tarar da Goggo zaune a gindin tsamiyar ƙofar gida. Na yi sallama, ta juyo da fuskarta, amma ba daidai inda nake ba, ɗan gefe kaɗan. Idanun biyu sun yi fari. Na durƙusa gabanta. Ta miƙo hannu ta shafa goshina, ta gangaro kumatuna na dama, yatsanta ya tsaya a kan billen da Jatau ya tsaga mini ina jariri, ya bi shi daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Babana ne. Ka makara, ga shi kuma ka tara gemu."

Na fashe da kuka, na gaya mata gaskiya, har da hulunan kasuwar Shiru. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "To, ya isa, tashi ka ci tuwo. Ganye dai har yanzu yatsuna sun san su. Takarda ce ta zama bebiya a wurina. Maganata kuwa tana nan, abin da ban tabbatar ba ba zan ce a dafa wa ɗan mutum ba."

Washegari da hantsi na zauna da fararen takardun nan a cinya, ba don komai ba sai don baƙin ciki yana son abin riƙewa. Ina shafa ɗaya da babban yatsa sai na ji wani ɗan kwari. Na bi shi, ya lanƙwasa, ya yi tsini, ya yage. Kunnen Uwar Mashigi ne. Fara ta cinye tawadar, amma sawun da alƙalami ya danna yana nan. Na kai ɗaya hannun kan billena, inda yatsan Goggo ya bi jiya. Ban san lokacin da na miƙe ba, sai ganina na yi a ƙofar Jatau ina haki.

Na ce, "Baba Jatau, ara mini askarka mafi kaifi."

Ya ce, "Kai da takardarka kun taɓa jawo mini abin da har yau makaɗa ba sa amsa gaisuwata. Yanzu kuma wa za ka yanka?"

"Ƙwarya."

Ya dube ni, ya dubi gemun, ya ɗauko askar ya miƙo ta ƙota.

Na koma ɗan koyo a karo na uku. Ƙwarya ba yashi ba ce, ba ta yafe kuskure. Na fasa arba'in, na yanke yatsuna har Goggo ta gaji da ɗaure su. Kuma a ƙofar gida nake aikin, ganye a kan gwiwata, na ƙura masa ido, masu zanen garinmu suna wucewa suna kau da kai don kunyar abin da nake yi. Goggo kan kama yatsana ta ɗora a bayan ganyen. Ta ce, "Ji nan. Sanyin-rai jijiyoyinsa biyu-biyu suke fita, suna kallon juna, bakinsa sumul. Tashi-ka-gudu nasa ɗaya na gaba ɗaya na baya, ga kuma 'yan haƙora uku kusa da hannun ganyen." Abin da ya kusa kashe tsoho ke nan, haƙora uku da ba su kai ƙwayar gero ba. Na zurfafa su a ƙwarya, na shafa baƙin tukunya a cikin tsagar, don mai ido ya gani, marar ido ya ji.

Ranar gwaji rabin gari ya taru a gindin tsamiya, makaɗan nan goma sha ɗaya a sahun gaba, don sun ce su ne masu haƙƙi. Jatau ya juya ƙoren biyu a bayansa ya miƙa wa Goggo ɗaya, ni kaina ban san wacce ba. Ta ɗora ta a cinya. Yatsunta suka fara daga tsinin ganyen, suka gangaro a hankali, suka koma, suka sake gangarowa.

Ta ce, "Wannan munafukin ne, ga haƙoransa." Ta karɓi ɗayar, ba ta daɗe ba ta ce, "Wannan kuwa sanyin-rai ne. Jatau, ɗauki ƙwaryar nan ka je daji. Kada kowa ya ce masa komai."

Ya tafi yana salati. Ya dawo da dami guda, Goggo ta shafa, ta sansana, ta gyaɗa kai, aka dafa. Tsohon makaɗin ya ce shi dai ba ya musu da Goggo, amma wanda ya tsinko shi ya kamata ya fara sha. Jatau ya ɗaga ƙoƙo ya shanye, ya zauna a tsakiyar fili, gari guda ya zuba masa ido, mutanen da ke kan hanyar bayan gari suka matsa gefe don ko ta kwana. Aka yi ta jira har inuwar tsamiya ta gusa taku guda. Jatau ya yi hamma, ya ce ko akwai sauran fura a gidan nan. Sai kalangu ya tashi, aka biya kalankuwar da aka rasa shekara huɗu baya, a tsakiyar damina.

Ana cikin rawa na koma kusa da Goggo. Ƙwaryar sanyin-rai ta dawo cinyarta, yatsanta yana kai da kawowa a wuri ɗaya, wani ɗan rami a gefen ganyen.

Ta ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Tsutsa ce ta ci wanda kika ba ni, Goggo. Na ga ramin sai na sa."

Murmushi ya cika mata fuska, hawaye ya gangaro daga fararen idanun nan. Ta ce, "Ashe ka dube shi, Babana."

"Na dube shi, Goggo."

Ta share fuska da gefen mayafi, ta laluba kwandon da ke gefenta ta zaro wani ganye ta danƙa mini a hannu. "To, ɗauko wata ƙwaryar. Saura ɗari uku da goma sha takwas."

Nan hikayata ta sauke kaya. Ƙoren suna nan jere a ɗakin Goggo, cif ɗari uku da ashirin, kowacce yatsanta ya bi ta kafin a rataye. Wanda ya zo Gurbin Shamuwa ya shigo ya taɓa, ba ma hana kowa.